LACCA A KAN MULKIN TSIBIRAN TONGA: SARKI, MASU SARAUTA DA TALAKAWA

 Laccarmu ta yau a kan wata ƙaramar ƙasa ce mai suna Tonga, wadda muka tabbata yawancinku ba ku taɓa jin sunanta ba. Kada ƙanƙantarta ta sa ku raina ta. A babbar ƙasa sha'anin mulki yakan ɓace cikin yawan jama'a da yawan ofisoshi, amma a ƙasa irin wannan kome a fili yake kamar kayan da aka baza a faifai, mutum na iya ƙirga kujerun Majalisa ɗaya bayan ɗaya, ya ga inda iko ya kwana.

Tonga tana can tsakiyar Tekun Pasifik, wajen mil 1,200 arewa maso gabas da Niyu Zilan. Tsibirai ne wajen 170, amma yawancinsu ba kowa a kansu. Ƙidayar 1921 ba ita muke nufi ba, ta 2021 muke nufi, ita ce ta nuna mutanen ƙasar duka-duka dubu ɗari ne da 'yan kai. Babban birninsu Nuku'alofa, a tsibirin Tongatapu, inda mafi yawan jama'a suke. Sauran yankunan su ne Vava'u, da Ha'apai, da 'Eua, da Niua can nesa a arewa. Manoma ne da masunta. Suna noman doya, da rogo, da gwaza, da kwakwa, da kabewa. Kuɗinsu kuwa sunansa pa'anga.

A zamanin da, mutanen Tonga hawa-hawa suke. Akwai Sarki, akwai masu sarauta, akwai fadawansu, sa'an nan can ƙasa akwai talakawa, waɗanda a harshensu ake kira tu'a. Har da wani laƙabi da ake yi wa talaka, wanda ma'anarsa mai cin ƙasa, watau kamar tsutsa. Kome talaka ya mallaka, in mai sarauta ya gani yana so, ya zama nasa. Har yau ɗin nan harshensu yana ɗauke da wannan tabo, gama kalmar da za ka faɗa in Sarki ya ci abinci daban, ta mai sarauta daban, ta talaka daban.

Wanda ya haɗa tsibiran nan ƙarƙashin tuta guda shi ne Taufa'ahau, jarumi ne daga Ha'apai, wanda ya ci sarautar ƙasa duka a 1845, ya ɗauki sunan Sarki Joji Tupou na Ɗaya. Gaskiya ɗaya ce, mutumin nan ya yi abin a yaba masa. A 1862 ya kafa doka ta 'yanta talakawa daga aikin tilas da ƙwacen masu sarauta. Ran 4 ga Nuwamba 1875 ya ba ƙasar rubutaccen Tsarin Mulki, da taimakon wani Bature ɗan mishan mai suna Shirley Baker, kuma wannan Tsarin Mulki shi ne ake aiki da shi har yanzu, ko da yake an yi masa gyare-gyare. A cikinsa aka haramta bauta, aka ce doka guda ce za ta hau kan mai sarauta da talaka, aka ba da 'yancin faɗar albarkacin baki da na buga jarida. Dabararsa ita ce ya nuna wa Turawa cewa ƙasarsa tana da Gwamnati da doka, don kada su sami hujjar cinye ta kamar yadda suka cinye maƙwabta. Dabarar kuwa ta ci. Ingila ta sa Tonga ƙarƙashin kāriyarta a 1900, ta riƙe harkokin waje, amma gadon sarauta bai taɓa fita daga hannun 'yan ƙasa ba, har ran 4 ga Yuni 1970 da kāriyar ta ƙare.

To, amma ku saurara da kyau a nan. Wannan Tsarin Mulki da ya 'yanta talaka, shi ne kuma ya dasa masu sarauta ya ba su saiwa. Sarki ya tsame waɗansu daga cikin tsofaffin sarakunan gargajiya ya ba su sarautar gado, tare da yankunan ƙasa na gado. Daga baya adadin sarautun ya tsaya a 33. Dukan ƙasar Tonga ta Sarki ce bisa doka, ba a sayar da ko taƙi ɗaya, ko ga ɗan ƙasa ko ga baƙo, sai dai haya. Doka ta ce kowane namiji ɗan ƙasa da ya kai shekara 16 yana da hakkin a ba shi gona eka 8 da kwata, da filin gida a cikin gari. Magana mai daɗin ji ke nan, kuma ita ce ta hana baƙi saye ƙasar. Sai dai gonar nan daga yankin wa za a yanka ta? Sau da yawa daga yankin mai sarauta. Talakan da ke neman a rubuta masa gona dole ya bi ta ƙofar mai sarauta, ba kuwa a zuwa wannan ƙofa hannu sake. Ga shi jama'a ta yi yawa, ƙasa ba ta ƙaru ba, maza da yawa sun girma ba su sami kome ba. Mace kuwa ba ta da wannan hakki sam, iyakarta ta yi haya, ko ta riƙe gonar mijinta bayan rasuwarsa muddin ba ta sake aure ba. Saboda haka in kun ji an ce talakan Tonga yana jin nauyin ja da mai sarauta a fili, ku tuna da gona.

Ga wata kuma da za ta ba 'yan kasuwa mamaki. A cikin Tsarin Mulki kansa aka rubuta cewa ranar Lahadi mai tsarki ce, ba ciniki. Babbar kasuwar Talamahu a rufe take yini, kantuna a rufe, yarjejeniyar da aka ƙulla ran nan ma doka ba ta san da ita ba.

Mu zo kan Majalisa, wadda suke kira Fale Alea. Kafin 2010 ga yadda take. Talakawan ƙasa duka suna zaɓen wakilai 9. Masu sarautun nan 33 su ma suna zaɓen wakilai 9 daga cikinsu. Sa'an nan ga Ministoci wajen 12, waɗanda Sarki ne ke naɗa su, ba wanda ya zaɓe su, suna zaune a Majalisa suna jefa ƙuri'a, kuma ba sa sauka sai ran da Sarki ya ga dama. Firayim Minista kuwa yawanci ɗan gidan sarauta ne. Ku yi lissafi da kanku. Ko da wakilan talakawa 9 sun haɗa baki kamar tsintsiya, mutum 21 ne ke gabansu. Suna iya magana har muryarsu ta dushe, in aka zo ƙuri'a an gama da su.

Shekara da shekaru ba wanda ya ɗaga murya, musamman a zamanin Sarauniya Salote, wadda ta yi mulki daga 1918 zuwa 1965, jama'a na ƙaunarta ƙwarai. Ita ce wadda ta burge mutanen London a 1953, ranar naɗin Sarauniyar Ingila, da ta ƙi a rufe mata keken doki ana tsuga ruwa. A zamanin ɗanta, Taufa'ahau Tupou na Huɗu, abubuwa suka soma canzawa, domin yara sun yi ilmi, waɗansu sun je ƙasashen waje sun ga yadda ake yi.

Cikin masu ilmin nan akwai wani malamin makaranta, talaka ɗan talaka, 'Akilisi Pohiva. Ya soma da wani shiri a rediyo yana tambayar yadda ake kashe kuɗin jama'a. Aka hana shirin, aka kore shi daga aikin Gwamnati. A 1986 shi da abokansa suka fara buga wata 'yar jarida mai suna Kele'a, watau ƙahon kiran taro, suna tona yadda 'yan Majalisa ke cika aljihunsu da kuɗin alawus. A 1987 talakawa suka zaɓe shi, kuma daga ran nan bai bar Majalisa ba har mutuwarsa.

Abin da ya buɗe idon jama'a sosai shi ne cinikin fasfo. Tun cikin shekarun 1980 Gwamnati ta shiga sayar wa baƙi, yawancinsu daga ƙasashen Asiya, fasfon Tonga a kan kuɗi masu yawa. Pohiva ya kai ƙara kotu cewa wannan ya saɓa wa Tsarin Mulki. Me Gwamnati ta yi? A 1991 ta kira Majalisa zaman gaggawa, ta gyara Tsarin Mulkin don ya halatta abin da aka riga aka yi, mutum 426 suka zama 'yan ƙasa. Jama'a suka yi jerin gwano zuwa fada, limaman coci na gaba. Kuɗin kuwa ba a sa su a baitulmali ba, aka ajiye su a wani banki a Amurka. Can wani ma'aikacin banki Ba'amurke mai suna Jesse Bogdonoff ya shiga ran Sarki, aka ba shi juya kuɗin, har Sarki ya naɗa shi wawan Sarki da takardar naɗi. Ba wasa muke yi ba, haka aka yi. A 2001 aka wayi gari fiye da dala miliyan 20 sun bi ruwa. Ministoci biyu suka sauka. Ga ƙasar mutum dubu ɗari, wannan dukiya ce da za ta gina makarantu da asibitoci da yawa.

A 1996 Majalisa da kanta ta zama mai ƙara, ta zama alƙali. Jaridar Taimi 'o Tonga ta buga labarin wata takardar neman tsige Ministan Shari'a, wanda ya tafi kallon wasannin Olimfik a Amurka ba da izinin Majalisa ba. Aka ce an buga kafin a karanta a zaure, wannan raini ne. Majalisa ta ɗaure Pohiva da 'yan jarida biyu, Kalafi Moala da Filokalafi 'Akau'ola, kwana 30. Sun yi kwana 26 kafin Babbar Kotu ta ce ɗaurin ya saɓa wa doka, a sake su. A 2003 kuma aka hana jaridar shiga ƙasa, aka taɓa Tsarin Mulki don a ɗaure bakin 'yan jarida, kotu ta sake rushe yawancin abin a 2004. Wannan abu ne da ya kamata a faɗa don adalci: kotunan Tonga sun sha tsayawa a kan doka ko da fada ba ta so.

Tura ta kai bango a 2005, sa'ad da ma'aikatan Gwamnati suka ga an yi wa manya ƙarin albashi mai tsoka an bar ƙanana. Suka yi yajin aiki na wajen mako shida, makarantu suka tsaya, har aka ba su ƙarin kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari. Daga maganar albashi sai aka koma maganar mulki. A farkon 2006 ɗan Sarki ya sauka daga kujerar Firayim Minista, aka naɗa Feleti Sevele, wanda ba mai sarauta ba ne, amma Sarki ne ya naɗa shi. Tsohon Sarki ya rasu a Satumba. Ran 16 ga Nuwamba 2006, da jama'a suka ga Majalisa na shirin tashi hutun shekara ba ta yanke kome ba a kan gyara, sai tarzoma ta ɓarke a Nuku'alofa. Matasa suka fasa kantuna, suka cinna wuta, yawancin tsakiyar birni ya ƙone, mutum 8 suka mutu. Aka kawo soja da 'yan sanda daga Ostiraliya da Niyu Zilan.

Waɗansu suna cewa ba don wutar nan ba da ba a sami gyara ba. Mu ba mu yarda ba. An riga an kafa kwamitin gyara, ya zaga ƙasa ya ji ta bakin jama'a, ya kawo rahotonsa kafin ranar. Abin da wutar ta jawo shi ne dokar ta-ɓaci ta fiye da shekara huɗu, da kame-kame, da asarar dukiyar masu kantuna, 'yan ƙasa da 'yan Sin waɗanda aka fi auka wa. Aka ciwo bashi mai nauyi daga bankin ƙasar Sin don sake gina birnin, bashin da talaka ne ke biya da harajinsa, har da wanda bai je ko kusa da wurin ba.

Sabon Sarki, Joji Tupou na Biyar, ya sanar kafin bikin naɗinsa a 2008 cewa zai saki yawancin ikonsa na tafiyar da Gwamnati. A Agusta 2009 jirgin ruwan fasinja Princess Ashika, tsohon jirgi da Gwamnati ta sayo, ya nutse da mutum 74, kuma ba mace ko yaro ko ɗaya da ya tsira. Hukumar bincike ta ce jirgin bai cancanci hawa teku ba tun farko. Bayan wannan ba sauran mai bakin kare tsohon tsari.

Ga tsarin da aka kawo a 2010. Majalisa tana da zaɓaɓɓun kujeru 26. Talakawa suna zaɓen 17: Tongatapu 10, Vava'u 3, Ha'apai 2, 'Eua 1, Niua 1. Duk wanda ya kai shekara 21, mace ko namiji, yana da ƙuri'a, ana kuwa zaɓe kowace shekara huɗu. Masu sarauta suna nan da kujerunsu 9. Majalisa ce ke zaɓen Firayim Minista daga cikinta, ta ƙuri'ar asiri, shi kuma ya zaɓi Ministocinsa, yana iya ɗauko har mutum 4 daga waje. Majalisa na iya tsige shi ta ƙuri'ar rashin amincewa. Shugaban Majalisa kuwa dole mai sarauta ne.

Ci gaba ne, ba mu musa ba. Amma mu sake yin lissafi irin na kasuwa. Rabin 26 shi ne 13, wanda ya sami 14 ya ci. Masu sarauta sun shigo da 9 a hannu tun kafin a buɗe akwati, saura 5 suke nema. Talakawa kuwa sai sun haɗa 14 daga cikin 17, in mutum 4 suka zame shi ke nan. Wakilin talakawa a Tongatapu sai ya bi gida-gida yana neman ƙuri'ar dubban mutane. Wakilin masu sarauta kuwa yakan ci kujerarsa da ƙuri'un da ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, amma a zauren Majalisa hannunsu nauyi ɗaya ne. Ba a daɗe ba aka ga aikin wannan lissafi. A zaɓen 25 ga Nuwamba 2010 jam'iyyar Pohiva ta ci kujeru 12 cikin 17. Sauran 5 'yan ba-ruwanmu suka bi masu sarauta, aka zaɓi mai sarauta Tu'ivakano ya zama Firayim Minista da ƙuri'a 14, Pohiva na da 12. Sai bayan zaɓen 2014 Pohiva ya samu, da 15 a kan 11, ya zama talaka na farko da Majalisa ta zaɓa a wannan kujera, yana da shekara 73.

Sarki kuma bai tashi hannu wofi ba. Doka ba ta zama doka sai ya sa hannu, yana kuwa iya ƙi. Yana iya rushe Majalisa. Shi ne shugaban soja, shi ke ƙulla yarjejeniya da ƙasashen waje, shi ke ba da sarauta. Yana da majalisarsa ta fada wadda shi kaɗai ke naɗa 'yan cikinta, kuma ta wannan hanya ake naɗa alƙalai, da Babban Lauyan Gwamnati, da Kwamishinan 'Yan Sanda. Sarki Tupou na Shida, wanda ya hau a 2012, shi ne ɗan Sarkin nan da ya sauka daga Firayim Minista a 2006, kuma ya nuna ba ado ya ɗauki ikon nan ba. A 2015 Gwamnati ta so shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hakkin mata, coci-coci suka yi jerin gwano, fada ta ce Ministoci ba su da ikon yin haka, magana ta mutu. A Agusta 2017, bisa shawarar Shugaban Majalisa, wanda ya yi ƙorafin cewa Gwamnati na neman karɓe naɗin Kwamishinan 'Yan Sanda da Babban Lauya daga hannun fada, Sarki ya rushe Majalisa saura fiye da shekara guda wa'adinta ya cika. Talakawa suka ba da amsa a Nuwamba: mutanen Pohiva suka ci 14 cikin 17, daidai adadin da ake bukata, ya koma kujerarsa.

Kada a ɗauka muna cewa Pohiva ba shi da aibu. Mutumin da aka ɗaure saboda jarida, da ya hau mulki sai ga shi yana faɗa da gidan rediyon Gwamnati, har aka kawar da manyan 'yan jarida daga ɗakin labarai a 2017. Ministocinsa sun yi ta shiga da fita. Babban rauninsa kuwa, jam'iyyar ta rataya a wuyansa shi kaɗai. Da ya rasu a Satumba 2019 a wani asibiti a Niyu Zilan, ba a yi wata guda ba waɗansu mutanensa suka haɗa kai da masu sarauta suka kafa Gwamnati. A zaɓen 2021 jam'iyyar ta rabu biyu, ta tashi da 'yan kujeru kaɗan, ba a kuma zaɓi mace ko ɗaya ba. A 2022 kotu ta tuɓe waɗansu zaɓaɓɓu, har da Ministoci, saboda ba da toshiya lokacin neman ƙuri'a. Ga kuma dubban 'yan Tonga da ke Niyu Zilan da Ostiraliya da Amurka, waɗanda kuɗin da suke aikowa gida ya kai wajen kashi 40 cikin ɗari na arzikin ƙasar, ba su da akwatin zaɓe a inda suke, sai wanda ya iya biyan kuɗin jirgi ya komo.

A Fabrairu 2024 fada ta aika da takarda cewa Sarki ya janye amincewarsa daga Firayim Minista Siaosi Sovaleni a matsayinsa na Ministan Tsaro, da kuma Ministar Harkokin Waje. Da fari Gwamnati ta ce wannan ya saɓa wa Tsarin Mulki, tun da Firayim Minista ne ke zaɓen Ministoci. Ba a yi wata uku ba suka saki muƙaman biyu. A Disamba 2024 Sovaleni ya yi murabus ana gab da jefa masa ƙuri'ar rashin amincewa, Majalisa ta zaɓi 'Aisake Eke, kuma a Gwamnatinsa Yarima mai jiran gado ne aka ba harkokin waje da na soja. A 2025 Majalisa ta yi dokar da ta mai da ofishin harkokin waje ƙarƙashin fada. Aka yi zaɓe a Nuwamba 2025, a Disamba kuma Majalisa ta zaɓi Fakafanua, mai sarauta, wanda ya daɗe yana Shugaban Majalisa, ya zama Firayim Minista. Masu sarauta 9 ne kawai a zauren, saboda haka sauran ƙuri'un da suka kai shi kujerar daga hannun wakilan talakawa suka fito.